Martani Kan Zargin Jahilci a Rigakafin Korona

Masu rubuta cewa jahilci ne ya sa 'yan Arewa ɗari-ɗari da allurar korona sun yi tuya sun manta da albasa. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Kano. Cikin yara kusan 200 da gwajin ya shafa, 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Iyayen da suka ga haka dole su yi tambaya kafin su miƙa dantse.

Allurar korona ma ba ta wadata ba. Kashin farko da ya iso Najeriya a Maris 2021 bai kai miliyan 4 ba. A Disamba kuma gwamnati ta lalata fiye da miliyan 1, domin an kawo su wa'adinsu na dab da ƙarewa.