Faifan da Babu Komai a Cikinsa, da Windows ta Sata da Muke Ɗura Masa

Tun ranar 14 ga watan Oktoba na 2025 kamfanin Microsoft ya janye hannunsa daga Windows 10. Kwamfutar da ke ɗauke da ita za ta ci gaba da aiki, sai dai an daina toshe mata kafofin da ɓarayin intanet ke bi, in ban da wanda ya shiga tsarin ƙarin wa'adi, shi ma na shekara guda ne ga ɗaiɗaikun mutane. Magajiyarta Windows 11 kuwa da sharuɗɗa ta zo: sai kwamfuta tana da 'yar na'urar tsaron da ake kira TPM 2.0, kuma in ƙwaƙwalwarta Intel ce, sai ta kasance tsara ta takwas ko abin da ya biyo baya, wato kusan ƙirar 2018 zuwa yau. Duk wanda ya taɓa leƙa shagunan kwamfutocin hannu a Kano ko Kaduna ya san abin da wannan ke nufi. Da yawa daga cikin Latitude da EliteBook da ThinkPad da ofisoshin Turai da Amurka suka gama da su sun faɗi wannan jarrabawa tun kafin su sauka a Legas.

Irin waɗannan kwamfutoci sukan iso da faifan ajiya wayam, domin masu su na farko sun goge shi ko sun cire shi. Haka ma wanda tsohon faifansa ya mutu ya sayi sabon SSD. Ka kunna, allo ya yi baƙi, ya ce bai sami abin da zai tashi da shi ba. A nan ne kaɗai mai kwamfuta yake da cikakken zaɓi, kuma a nan ne muke sallama zaɓin ga mai gyara ba tare da tambaya ko ɗaya ba. Shi kuwa sai ya zaro filas daga aljihu, ya ɗura Windows da shi kansa bai san inda ta fito ba, ya bi ta da manhajar da ke karya makullin lasisi. Da yake mai gadin Windows yakan kama wannan manhaja a matsayin cuta, sai ya kashe mai gadin. An karɓi kuɗin aiki, kowa ya yi godiya.

A kan wannan kwamfuta lauya zai ajiye takardun shari'ar mutane, likita ya ajiye sakamakon gwajin marasa lafiya, akanta ya shiga asusun banki. A watan Mayu na 2017 cutar WannaCry ta durƙusar da asibitoci da dama a Ingila, alhali Microsoft ya riga ya fitar da maganin kafar tun watan Maris. Waɗanda ba su ɗora shi ba ne suka ji a jikinsu. Su gyaran ya zo suka yi sakaci. Mu kuma da hannunmu muke zaɓar babbar manhajar da ko dai gyaran ya daina zuwa mata, ko kuma wani da ba mu sani ba ya riga ya taɓa cikinta. Dokar kare bayanan sirri ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan jama'a nauyin tsare su, kuma ban ga yadda "mai gyara ne ya sa mini" zai zama hujja ba.

Mafita tana nan, kyauta ce, kuma halal ce. Linux Mint 22, wadda aka gina a kan Ubuntu 24.04, za ta ci gaba da samun gyaran tsaro har 2029, kuma RAM na gigabait 4 ya ishe ta sakewa. Aikin bai fi na yamma ɗaya ba. A sauke ta daga shafinta na asali a wata kwamfutar, a rubuta ta a filas mai gigabait 8 da manhajar Rufus, a cusa, a danna F12 a kan Dell ko F9 a kan HP yayin kunnawa, a zaɓi filas ɗin. Wuri ɗaya ne ake yawan yin tuntuɓe: kwamfutar da ta tsufa sosai, mai tsohon BIOS, tsarin MBR take so, mai UEFI kuma GPT, kuma Rufus yana tambaya. Sannan tana tashi daga filas ɗin kai tsaye, mutum ya gwada sauti da Wi-Fi da madannai kafin a rubuta komai a faifan. Faifan da babu komai a cikinsa ba shi da abin asara.

Na san abin da za a ce: Word fa? Mafi yawan abin da ma'aikaci ke yi a yini, daga wasiƙa zuwa Zoom, cikin burauza ne ko kusa da ita, kuma LibreOffice yana buɗe takardun Word da Excel, ko da yake takarda mai ado da yawa takan ɗan karkace. Mai ɗab'i da ke cin abinci da CorelDRAW, da injiniyan da bai rabuwa da AutoCAD, waɗannan suna da uzuri na gaskiya. Su nemi kwamfutar da ta cika sharaɗi da lasisi na ƙwarai, su sa kuɗin cikin jarin sana'a. Sauranmu sabo ne kawai ya ɗaure mu. A 2024 jihar Schleswig-Holstein ta Jamus ta yanke shawarar sauya kwamfutocin gwamnati kusan 30,000 zuwa LibreOffice da Linux, kuma babu wanda zai ce talauci ne ya kai ta.

Uzurin da ya fi ƙarfi shi ne masu gyaranmu ba su iya ta ba. Gaskiya ne, amma mai gyara abin da ake biyan kuɗinsa yake koya. Yaran da suka ƙware a cikin wayar Android ba tare da sun shiga aji ba, ba za su gagara koyon wannan ba, musamman da yake ita kanta Android a kan ƙashin bayan Linux take tsaye. Ranar da makaranta ko ɗakin shan magani ya kai kwamfutoci goma ya ce Mint yake so, kafin mako ya zagayo za a sami mai yi a layin.