Haurin Bindiga Ba Ya Koya Wa Yaro Jarunta

Idan kaka ta wuce, gero ya shiga rumbu, aka yanke shinkafar fadama, sai maharban ƙasar Kabi su sauko da bindigoginsu daga inda suka rataye su. Tun daga ƙauyukan Argungu har zuwa na Birnin Kebbi, a bakin Gulbin Rima, da asuba a kan ji ƙara: wannan yana bin dinya a tafki, wancan yana neman zomo ko gada a jeji. Farauta sana'a ce mai asali, ba wanda zai zarge ta. Abin zargi shi ne wata al'ada da ta ke biye da ita, watau ɗora wa yaro bindigar da ta fi ƙarfinsa, wai don ya zama namiji.

Ga yadda abin ya kan faru. Uba ya ga ɗansa ya kai shekara 12, sai ya tafi wurin maƙeri ya ce a ƙera wa yaron 'yar ƙaramar bindiga marar nauyi, daidai hannunsa. Ran da aka karɓo ta, sai ya ɗura mata albarushi da dalma kamar yadda ya saba ɗura wa tasa, ya miƙa wa yaro a gaban abokan farautarsa, ya ce, "Ungo, ɗana, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe." Yaro ya ja kunama, bindiga ta tashi, gindinta ya naushe shi a kafaɗa da muƙamuƙi, ya faɗi zaune. Manya su bushe da dariya, su ce ai haka kowa ya fara. Yaro kuwa ya haɗiye hawayensa don kada a kira shi rago.

Wannan ganganci ne aka yi masa rawanin tarbiyya. Wanda ya ke son ya gane haka, sai ya fara sanin abin da ke sa bindiga ta hauri mai ita.

Duk Bakaben da ya taɓa yin tsalle daga jirgi zuwa gaɓa ya san amsar, ko da bai taɓa shiga aji ba. Shi ya yi gaba, jirgi ya yi baya. In babban jirgi ne mai kaya, da ƙyar zai motsa. In kuwa ɗan ƙaramin kwalekwale ne, sai ya zame can tsakiyar ruwa. Wannan ƙa'ida ita ce wani masani Baturen Ingila, Isaac Newton, ya rubuta a littafinsa na 1687: kowane turi yana da ramuwa daidai da shi. A cikin bindiga, dalma ita ce mai tsalle, bindiga kuwa ita ce jirgi. Saboda haka abu uku ne ke auna ƙarfin hauri: nauyin dalma, da yawan albarushi, da nauyin bindigar kanta. Na farko da na biyu in sun ƙaru, hauri ya ƙaru. Na uku kuwa in ya ragu ne hauri ke ƙaruwa.

To, a nan ne uban nan ya yi kuskure ninki biyu. Ya rage nauyin bindiga yana tsammani sauƙi ya yi wa ɗansa, ya kuma bar ɗurin a na babba. Watau ya sa ƙato ya yi tsalle daga kwalekwale, ya ajiye kafaɗar yaro a bayan kwalekwalen. Naushin da yaron ya sha ya fi wanda shi uban ya ke sha daga tasa bindigar.

Masu wannan al'ada su kan ce zafi ne ke taurare zuciya. Amma jiki magayi. Yaron da bindiga ta yi wa rauni ranar farko, jikinsa ba ya mantawa, ko da bakinsa ya yi shiru. Gobe in ya kai yatsa ga kunama, sai idonsa ya runtse, kafaɗarsa ta noƙe, bakin bindiga ya kauce tun kafin ta tashi. Wannan hali in ya kama mutum yana da wuyar raba shi da shi, har ya yi furfura yana ɗora laifin kuskurensa a kan iska ko sammu. Sakamakonsa kuwa shi ne dabba ta tsere da dalma a cinya, ta mutu mushe a cikin sarƙaƙiya, babu nama, babu fata, sai alhaki. Wani lokaci ma abin da dalmar ta samu abokin farauta ne.

Har wa yau akwai haɗari biyu da ba a cika faɗi ba. Ƙarar bindiga tana lalata ji, kuma jin da ya tafi ta wannan hanya ba ya dawowa. Sa'an nan bindigar gida, wadda a kan yi bututunta da ƙarfen famfo ko na sitiyarin mota, ba a gwada ƙarfinta a wata ma'aikata ba. In ɗuri ya fi ƙarfin bututu, sai ya fashe a daidai inda hannun hagu ya ke riƙe da shi. Yatsun da za su riƙe alƙalami da fartanya shekara 60 su tafi a ƙiftawar ido.

A dubi Amurka, inda farautar barewa ta ke al'ada ce da ɗa ke gada wurin uba. Irin barewarsu ta fi ta ƙasar Hausa girma nesa, duk da haka maharbansu masu hankali ba su fara ɗora wa yaro babban harsashin nan da su ke kira .30-06, wanda sojan ƙasarsu suka soma aiki da shi a 1906. Su kan zaɓa masa ƙarami, kamar .243 Winchester da ya fito a 1955, mai kaurin kimanin milimita 6, wanda haurinsa bai wuce wajen rabin na wancan ba. Su kan gajarta gindin bindiga daidai tsawon hannun yaro, su toshe masa kunnuwa, babba kuma ya tsaya kusa da shi. Tun 1949 Jihar Niyok ta wajabta koyon ka'idojin tsaro kafin a ba sabon maharbi lasin. Dalilinsu guda ne: ƙaramin harsashin da ya faɗa inda aka nufa ya fi ƙaton da ya wuce ta gefe. Mutanen da ke ƙera bindiga a ma'aikata ba su jin kunyar rage wa yaro hauri, don me mai bindigar toka zai ji?

Kada fa wani ya ɗauka an ce ya je ya nemo wa ɗansa irin tasu. Nijeriya tana da tata doka. Dokar Bindigogi ta 1959 ta hana a ba da lasin ga wanda bai cika shekara 17 ba, kamar yadda ta hana a ba mai taɓin hankali da wanda idonsa ba ya gani sosai. Bindigar gida tana cikin waɗanda dokar ta lissafta, ƙera ta ma sai da izini. Uban da ya sa aka yi wa ɗan shekara 12 bindiga ya jefa ɗansa cikin haɗari, ya kuma jefa kansa da maƙerin cikin magana da hukuma.

Saura karin maganar barewa. Gaskiya ne ɗan barewa ba ya rarrafe, amma da ƙafafunsa ya ke gudu, ba a ɗaura masa na uwarsa ba. Kabawa kuwa ba su bukatar a je wata ƙasa a aro musu wannan hikima. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo siffarsa ta yanzu daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai wa Sarkin Kabi Muhammadu Sama a 1934, ya shahara har Hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016. Cikin dubban masunta da ke faɗawa Matan Fada, wane ne ubansa ya fara da ba shi babbar homa da ƙaton gora, ya tura shi zurfi ya yi kokawa da giwan ruwa? A bakin gaɓa kowa ya fara, ya iya iyo, ya san halin ruwa, sa'an nan aka ƙara masa. Haka kuma bakuna da kibau da ke ajiye a Gidan Tarihi na Kanta: masu su da ƙaramin baka suka koyi harbi, suna girma ana sake musu mai tauri. Abin da aka yarda da shi a ruwa da fagen yaƙi, me zai sa a ƙi shi a jeji?

Hanyar a bayyane ta ke. Yaro ya fara da danƙo da ɗan baka, ya bi ubansa jeji yana riƙe da goran ruwa, ya koyi bin sawu da duban inda iska ta dosa. Ya koyi cewa ba a nuna wa mutum bakin bindiga ko da babu kome a ciki, ba a harbin motsin ciyawa sai an ga abin da ke bayanta, ba a kuma kashe dabba mai ciki, domin naman jeji ya yi ƙaranci, barewa ma sai an yi sa'a a gan ta. In shekarunsa sun cika, doka ta yarda, sai ya soma da ɗan ɗuri kaɗan, a bindiga mai lafiya mai ɗan nauyi, yana harbin alama, uba na tsaye a bayansa. Sannu ba ta hana zuwa.

Wanda Allah ya ba shi karatu, har ya iya duba doka da idonsa, nauyi ya hau kansa. In ya ga maƙwabcinsa zai miƙa wa yaro irin wannan bindiga, ya ja shi gefe ya yi masa misalin kwalekwale. Dariyar dandali ta yini ɗaya ce, amma hannun da ya gutsure, uba zai yi ta ganinsa a bakin akushi kullum har ƙarshen ransa.