Adda ba kayan ƙauraye ba ce

Yau a cikin garin Katsina in aka ga saurayi riƙe da adda, kafin ya yi taku goma an gama yanke masa hukunci. Ban ga laifin masu tsoron ba, don kowa ya san ɓarnar da ƙauraye suka yi da ita a unguwanni, balle lokacin siyasa. Amma ku hau motar Dutsin-Ma ku sauka a Kurfi da sassafe, gab da faɗuwar damina. Tsoho da yaro, kowa da addarsa a kafaɗa ko ɗaure a bayan keke, ba mai ko ɗaga kai ya dube shi. A can matsayinta ɗaya da biro a wurinmu. Ni ɗan can ne, kuma ra'ayina shi ne: in aka ce mutum ya ɗauki ƙarfe ɗaya tak ya shiga daji, to adda ce, kuma mu 'yan poli ya kamata mu fi kowa sanin darajarta.

Ba wai ta fi kowane ƙarfe a fanninsa ba. Gatari ya fi ta a kan kututture mai kauri, amma ga nauyi, kuma ba ya yanka ciyawa. Lauje gwani ne a ciyawa da shinkafa, daga nan ya tsaya. Barandami na makiyayi ne, ya hau gawo da rani ya saro wa shanu ganye. Wuƙa kuwa sai ƙananan ayyuka. Ita adda tana taɓa aikin kowannensu, kuma wanda ya iya ta ya san ba baki ɗaya gare ta ba. Kusa da ƙota, inda kaifin ya fi daɗewa, nan ake feƙe turke ko a ɓare ɓawo. Gaba da tsakiya, inda nauyin ya taru, nan ne wurin sara. Da tsinin ake tono rogo ko muruci. Bayanta guduma ne: ka kafa turke, ka fasa goruba. Da ita za ka saro magarya ka ja shinge, ka yanko kaba ka tufka igiya, ka sare sanduna huɗu ka ɗora zana ka sami inuwa. In maciji ya ɓullo, tsawonta ya ba ka tazarar da wuƙa ba za ta ba ka ba.

Wani zai ce wannan ai zancen ƙauye ne, waye zai kwana a daji a wannan zamani? To, a tambayi mutanen garuruwan da ke maƙwabtaka da dajin Rugu, wajen Safana da Batsari da Ɗanmusa, sau nawa suka bar gida da dare suka kwana a gona. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan, Kurfi da Dutsin-Ma na ciki. Wayar da muke ganin ita ce komai ta koma tocila kawai. Ku fahimce ni fa: adda ba ta tare harsashi, duk wanda ya ce maka ka tunkari mai bindiga da ita ba masoyinka ba ne. Amfaninta shi ne wanda ya tsira da ransa ya iya ratsa ƙaya, ya haɗa wurin da mata da yara za su fake, ya sami icen hura wuta.

Abin da ke ba ni dariya shi ne 'yan uwanmu da ke sayen 'yar wuƙar nan mai naɗewa ta intanet, mai almakashi da zarto da abin buɗe kwalba, a rataya a makulli ana taƙama. Asalinta ba abin raini ba ne, sojojin Suwizalan aka fara yi wa tun wajen 1891, don buɗe gwangwani da kwance bindiga. Amma kwaikwayon da ake kawo mana, ka gwada shi a reshen aduwa ka gani. Duk mutanen da ke rayuwa da daji da gaske babban ƙarfe suke riƙewa: kukri a Nepal, parang a Malesiya, adda a nan. Hatta Turawa sun gane haka, shi ya sa kamfanin Martindale na Ingila ya daɗe yana sayar mana da adda mai tambarin kada.

Ga inda maganar ta shafe mu kai tsaye. Maƙerin ƙauye yana ƙera adda da tsohon sifirin mota, kamar yadda maƙeran Nepal ke yin kukri. Ba don rashi kaɗai ba ne: ƙarfen sifirin yana da sinadarin kabon daidai yadda zai yi tauri kuma ya lanƙwasa ya dawo. Zai zuga shi da gawayin ƙirya, ya buge shi a uwar maƙera, ya duba launin da ya yi, sannan ya tsoma shi. In ya yi tauri da yawa, sara ɗaya a busasshen ice baki ya ɓalle. In bai kai ba, kullum kana wurin washi. Wannan fa shi ne darasin da ake koya wa 'yan injiniyan makanikai a aji, har a zana musu jadawali a allo. Maƙeri da ido yake aunawa, shi ya sa adda biyu daga hannun mutum ɗaya wata ta yi shekaru, wata ta mutu a damina guda. Mu kuwa an koya mana yadda ake gwada taurin ƙarfe da na'ura. Me zai hana wani cikinmu, maimakon sake ƙera injin da 'yan bara da 'yan bara waccan suka ƙera, ya tattaro adduna goma daga maƙera daban-daban, ya gwada su, ya koma ya gaya wa maƙeran abin da ya gano? Ga matsalar ƙota ma: yawanci ƙusa biyu ce a katako, ta yi sako-sako sai a naɗe da robar taya. Adda da ta kuɓuce a tsakiyar sara ta raunata mutane da yawa. Ga kube, wanda kusan ba mai yi mata, alhali dukawa na nan.

Akwai masu cewa adda da gatari ne suka cinye mana itatuwa. Gaskiya ne an yi ɓarna. Amma a tsallaka iyaka zuwa Maraɗi: tun shekarun 1980 manoma suka fara abin da suke kira sassaben zamani. Maimakon a sare duk tohon da ya fito daga kututture, sai a zaɓi masu ƙarfi kaɗan a bari, a rage sauran, a riƙa yi musu aski duk shekara. Da wannan dabara miliyoyin itatuwa suka dawo gonakin kudancin Nijar, kuma ba da wata na'ura aka yi ba, da addar nan ce. Gonakin Kurfi ma cike suke da kututturan sabara da kalgo da ake yankewa ƙasa-ƙasa duk bazara.

Ban ce kowa ya ɗauko adda ya kawo hostal ba, dokar makaranta ta hana, kuma daidai ne. A bar ta a gida inda aikinta yake. Amma 'yan aji ɗaya da za su zaɓi furojet baɗi, in kun je hutu ku leƙa maƙerar garinku da littafi a hannu, ku ce wa Baba maƙeri ya nuna muku launin da yake jira kafin ya tsoma ƙarfen.