SABON ƊALIBI BA MARAYA BA NE!

Duk shekara sai samari sun sauka Sakkwato daga Illela, Yabo, Gwadabawa da Argungu, kowa da ƙunshinsa da takardar samun gurbi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, su nufi Dundaye. Da yawansu su ne na farko a gidansu da suka taɓa taka jami'a. To wa zai karɓe su?

Abin da jami'o'in ƙasar nan suka saba shi ne a tara sababbi a zaure, manya su yi jawabi da Turanci, a rantsar da su, a watse. Akan ba kowane aji malami mai ba da shawara, amma ina mutum ɗaya zai san sunan ɗalibai ɗari? Yaro ya yi rajistar kwas ba daidai ba, ya faɗi jarrabawa, ya ɓoye wa iyayensa, sai ranar da aka kore shi a ji. Wani kuwa miyagun abokai su riga kowa kama shi, wal iyazu billahi.

Wai sai ka ji wasu 'yan boko suna cewa jami'a ba firamare ba ce, kowa tasa ta fisshe shi. Subhanallahi! A Sakkwato ake faɗin haka? A jami'ar da aka kafa a 1975, aka sa mata sunan Shehu a 1988? Su koma su duba yadda mai sunan ya yi karatu. Ya lizimci Malam Usmanu Binduri wajen shekara biyu, yana ɗaukar halinsa tare da karatunsa. Ya bi Malam Jibrilu ɗan Umaru har Agadas. Ƙanensa Abdullahi na Gwandu littafi guda ya rubuta, Ida'un Nusukhi, don ambaton malaman da ya ɗauka a wurinsu. Wane ɗalibin yau ne zai iya cika shafi ɗaya da malaman da suka san fuskarsa?

Gaskiya ne malamai na da uzuri. Albashi bai isa ba, aji ya cika, yajin aikin 2022 kaɗai ya ci wata takwas. Amma uzuri ba ya sauke amana. A raba sababbi goma-goma, kowane rukuni da malaminsa, su zauna sau ɗaya a mako har zangon farko ya ƙare.

Kafin hukuma ta farka, nauyin yana wuyan 'yan uwa na aji uku da huɗu. Ranar rajista su tsaya bakin ƙofa, kowa ya kama hannun mutum biyu, ya nuna masu ofishin sashe, laburare da masallaci.