Kafin Ka Saya Wa Ɗanka Gangar Lantarki

Jama'a, musamman 'yan'uwana malaman makaranta da akawunan ofis, ina so in jawo hankalinku ga wani baƙon abu da yaran zamani su ke ƙwallafa rai a kai, watau gangar lantarki. Yaro ya gan ta a waya, ko kuwa ya taɓa buga gangar badujala ranar maci, sai ya tasa ubansa gaba a saya masa. Uban kuwa, ko a Kucheri ya ke zaune, ko Tsafe, ko Gusau, ko Bungudu, albashinsa a ƙidaye ya ke, kuma katanga guda ce tsakaninsa da maƙwabci. Ra'ayina shi ne, in yaro da gaske ya ke, wannan ganga ta fi ta fata dacewa da koyo a gida, amma fa a saye ta yadda hedimasta ya ke sayen kayan aji, don aiki ba don ado ba, a kuma san iyakarta.

Da fari bari mu san abin. Jerin fayafai ne da a ke kafawa a kan ƙarafa, ana bugunsu da sanduna biyu, ana taka feda biyu da ƙafa, irin na makaɗan Turawa. Faifan da kansa ba shi da amo. A ƙarƙashinsa akwai 'yar na'ura mai jin bugu, ita ke aika saƙo ta waya zuwa wani ɗan akwati, akwatin kuwa ya fid da sautin da aka ajiye a cikinsa zuwa abin sauraron da mai koyo ya sa a kunne. Kamfanin Simmons na Ingila ya fito da wadda ta yi suna a 1981, sa'an nan a 1997 kamfanin Roland na Japan ya kawo mai fuskar raga maimakon roba. Yamaha da Alesis su ma suna ƙera ta.

Babban amfaninta shi ne kiyaye haƙƙin maƙwabci. Jerin gangunan fata, in an sakar musu hannu a cikin ɗaki, ƙararsu ta kan haura desibel 100 a ma'aunin ƙara. A unguwar da akwai mai jego, da tsoho marar lafiya, da masallaci a bakin ƙofa, wa zai jure wannan kullum? Ta lantarki kuwa, na waje ba ya jin kome sai ɗan ƙwas-ƙwas na sanda, alhali shi yaron yana jin kiɗansa cikakke.

To, wanda ya yi niyyar saye, ga abubuwa huɗu da ya kamata ya duba.

Na ɗaya, fuskar faifan. Ta roba ta fi araha, amma ta fi ƙara, tana kuma gajiyar da wuyan hannu. Ta raga ta fi shiru, ana iya ɗame ta ko a sassauta da makulli, kuma sanda tana dawowa daga kanta kusan yadda ta ke dawowa daga fata. In kuɗi bai kai ba, a ƙalla faifan da ke tsakanin gwiwoyi ya zama na raga, domin shi ya fi shan bugu.

Na biyu, akwatin. Mai kanti zai yi ta yabon yawan sautukan da ke ciki, amma mai koyo ba ɗaruruwan sautuka ya ke bukata ba. A tambaya ko akwai agogon nan mai ƙyas-ƙyas da ke daidaita saurin kiɗa, da wurin ɗaukar abin da yaro ya buga don ya saurari kuskurensa. A kuma gwada bugu a hankali da bugu da ƙarfi. In duk amo ɗaya suka ba da, wannan abin wasan yara ne, ba kayan koyo ba.

Na uku, wuta. Wutar ƙasar nan mai ƙarfin bolt 230 ce, ta Amurka kuwa 120. A karanta rubutun da ke jikin abin jona wutar, in an ga 100 zuwa 240, ba laifi, in kuwa 120 kaɗai aka rubuta, ranar farko zai ƙone. Abin daɗin shi ne ba ta cin wuta sosai, gidan da ke da sola da batir da inbata zai iya riƙe ta.

Na huɗu, gyara. Feda da wayoyi su ke saurin lalacewa, ƙurar hunturu da zafin bazara kuwa ba su raga wa kayan lantarki, saboda haka a riƙa rufe ta da zane. Wanda zai sayi ta hannu a kasuwar Sabon Gari ta Kano, ko a kawo masa daga Alaba ta Ikko, kada ya biya sai an jona an bugi kowane faifai, tsaka da gefe, an kuma tabbatar ana samun kayan gyaranta. Sayen nagari mai da kuɗi gida.

Akwai gargaɗi guda. Kada a kuɓutar da kunnen maƙwabci a kashe na ɗa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa sauraro da abin kunne kada ya wuce awa 40 a mako a kan desibel 80 ga babba, ga yaro kuwa 75. Uba ya riƙa sa abin a kunnensa yana ji, ya kuma yanke lokaci, kamar rabin awa bayan an gama aikin makaranta.

Na san wani zai ce, me ya kai ɗan Zamfara ga gangar Turawa, ga kotso ga taushi ga kalangu? Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya. Ƙasar nan ce ta haifi Salihu Jankiɗi a Rawayya ta Bungudu, wanda ya rasu a 1973, da Sa'idu Faru, da Musa Ɗanƙwairo, wanda ya yi wa 'Yandoton Tsafe Aliyu waƙa, ya kuma rasu a 1991. Ɗanƙwairo a gida ya koya, wurin mahaifinsa, ya yi wa wansa Kurna amshi kafin ya ja nasa ƙungiyar. Kalangu yana magana ne domin makaɗi yana matsa tsarkiya a hammata yana saki, sauti ya hau ya sauka kamar harshen Hausa. Ko an zuba sautin kalangu a cikin akwatin nan, babu tsarkiyar da yaro zai matsa, balle hannunsa ya koyi wannan hikima.

Saboda haka a tambayi yaro tukuna wane kiɗa ya ke so. In namu ne, a kai shi wurin makaɗin gari, kuɗin ma bai kai ba. In na badujala ne, a saya masa bisa ga sharuɗɗan nan. Shawarata ga hedimastoci kuwa, makarantar da ke da hali ta sayi guda ɗaya yara su riƙa karɓa-karɓa, don a hutar da aljihun iyaye, ta kuma riƙa gayyato makaɗin gari ya nuna musu na kakanninsu. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Allah Ya sa mu dace, amin.