Maganar Sayen Ƙaramar Sabar Domin Gida Da Ofis

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka sake ba ni ɗan filin nan da ka saba ba ni a jaridarmu mai farin jini, domin in amsa wata tambaya da 'yan'uwana akawuna da masu ƙananan ofisoshi su ka yawaita yi, watau ko ya kamata mutum ya sayi ƙaramar sabar mai araha ya ajiye, ko kuwa ɓarnar kuɗi ce.

Da fari sai mu san abin da a ke nufi. Sabar, wadda waɗansu ke kira uwar garke, kwamfuta ce kamar sauran, sai dai ba a zama gabanta a yi rubutu. Aikinta ta zauna a lungu dare da rana tana riƙe da takardun kowa, sauran kwamfutocin gidan su zo su ɗauka, su mayar. Kamar rumbu ne a tsakar gida, kowa ya san inda hatsi ya ke. Duk wanda ya taɓa aiki a ofishin mutum biyar ko shida ya san abin da ke faruwa in babu ita. Filashi na yawo daga tebur zuwa tebur, littafin bashi ya zama kashi uku, ko wane da lissafinsa dabam, ran da mai riƙe da na gaskiyar ya tafi hutu da kwamfutarsa kuwa, aiki ya tsaya cik. Makaranta mai ɗalibai ɗari uku, ko kantin magani, ko ƙungiyar adashi ta manoma, duk dukiyarsu tana cikin waɗannan takardu.

To, wace za a saya? A shekarar 2010 kamfanin HP ya fito da wata 'yar akwati da ya kira ProLiant MicroServer, mai gurbin faifan ajiya huɗu, tun daga nan kuwa ta yi suna wurin masu ƙaramin ƙarfi. Kamfanin Dell yana da irin nasa, kamar PowerEdge T30 da T40, kuma a kan same su na hannu. Abin da ya bambanta su da kwamfutar tebur shi ne suna karɓar wata irin ƙwaƙwalwa da a ke kira ECC, wadda ke gane ƙaramin kuskure ta gyara shi kafin ya shiga takarda. Akwai kuma akwatunan ajiya na Synology da QNAP, kamfanonin ƙasar Taiwan, waɗanda ba su bukatar gwaninta mai yawa. Mai son gwaji a gida yana iya farawa da Raspberry Pi, wadda aka fito da ita a Ingila a 2012 a kan dala 35, girmanta bai wuce tafin hannu ba. Manhajar da za ta tafiyar da su ma ba lalle ne a biya ko kwabo ba, gama Linux da Samba da TrueNAS duk kyauta ne, kuma kwamfuta mai Windows tana ganin takardun da ke cikinsu ba wata wahala.

Amma ga inda na ke so jama'a su buɗe kunne. Akwai manyan sabar na gwanjo, irin masu faɗi da manyan kamfanonin Turai da Amurka su ka gama yayinsu su ka zubar. Mai kanti zai nuna maka ita, ya lissafa maka ƙarfinta, ya faɗi kuɗin da bai kai na sabuwar wayar hannu ba, har ka ga kamar tsintuwa ka yi. Araha ba ta ado. An ƙera su ne domin ɗaki mai sanyi da wutar da ba ta yankewa, ga ƙara kamar injin niƙa. Mu yi lissafi irin na akawu. A ce tana shan wat 200, ba a kashe ta. A kwana talatin ta sha yunit 144. Ƙaramar da ke shan wat 30 kuwa, yunit 21.6 za ta sha. A watan Afrilu na 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta Nijeriya ta ɗaga kuɗin yunit zuwa naira 225 ga masu rukunin Band A. A bisa wannan farashi babbar ta ci naira 32,400 a wata, ƙaramar naira 4,860. Kafin shekara ta zagayo, rarar da ka samu wurin saye ta tafi wurin masu wuta, har da ciko. In da janareta ko batirin sola za ka riƙe ta, abin ya fi haka muni.

Sa'an nan ga halin ƙasarmu. Zafin bazara a Sakkwato ko Maiduguri ya kan haura digiri 40, hunturu kuma ya zo da ƙurarsa wadda ba ta neman izini kafin ta shiga ɗaki. Fanka na zuƙo iska tare da ƙura har ta toshe, zafi ya taru, faifai ya gaji kafin lokacinsa. Kada a ajiye ta a ƙasa, kada a kulle ta cikin kabad marar iska, a riƙa buɗewa ana hure ƙurar ko sau biyu ne a shekara. Yankewar wuta kuwa ita ce babbar abokiyar gaba, domin in ta ɗauke sa'ad da a ke tsakiyar rubuta takarda a faifai, takardar na iya lalacewa. Sabo da haka kuɗin akwatin batirin nan mai riƙe wuta na 'yan mintoci, a lissafa shi cikin kuɗin sabar tun farko, a haɗa su da waya yadda in batir ya kusa ƙarewa za ta kashe kanta cikin natsuwa. Wanda ba shi da halin sayen batirin, ni a ganina bai isa sayen sabar ba tukuna.

Yanzu ga kuskuren da ya fi cin mutane. Za ka ji mai gyara ya ce, na sa maka faifai biyu, duk abin da aka rubuta a ɗaya yana shiga ɗayan, ka kwana da daɗi. Gaskiya ne in ɗaya ya mutu ɗayan zai riƙe aiki, kuma wannan abu ne mai kyau ƙwarai. Amma in yaron ofis ya share littafin albashi bisa kuskure, a duka biyun ya share. In tsawa ta faɗa, ko gobara ta tashi, ko ɓarawo ya ɗauke akwatin, duka biyun sun tafi tare. A labarin Yusufu da aka karantar da mu muna yara, ba a gari guda ya tara hatsin Masar ba. Masana wannan sana'a suna cewa a riƙe takarda kashi uku, a kan irin ma'ajiya biyu, ɗaya daga ciki kuma a wani gida dabam. Ga mai ƙaramin ofis, ma'anarsa ita ce ya sami faifan tafi-da-gidanka guda biyu, ko wace Jumma'a a kwafe kome a ɗaya, maigida ya tafi da shi gida, ya dawo da ɗayan.

Akwai kuma ɓarayin zamani masu garkuwa da takardu, su kulle maka su su ce sai ka biya fansa. A watan Mayu na 2017 wata cuta mai suna WannaCry ta bi ta ƙofar raba takardu ta Windows ta shiga ƙasashe wajen 150, har asibitocin Ingila su ka riƙa mayar da marasa lafiya gida, alhali kuwa Microsoft ya ba da maganinta tun watan Maris, mutane ne ba su sa ba. A watan Yuni na 2021 masu akwatin My Book Live na Western Digital su ka wayi gari an share musu kome daga nesa, akwatin kuwa rabonsa da gyaran manhaja tun 2015. A Janairun 2022 aka kulle dubban akwatunan QNAP da aka bari a buɗe ga intanet. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kada a buɗe wa sabar ƙofa zuwa waje don kawai maigida yana son duba lissafi daga ɗakin kwanansa, a canja kalmar sirrin da ta zo da ita, kuma kada a ɗora mata tsohuwar manhaja irin Windows Server 2012, wadda Microsoft ya daina kula da ita tun Oktoban 2023.

Ba kowa ne ke bukatarta ba, wannan ma sai a faɗa. Mutum biyu masu kwamfuta biyu, faifan tafi-da-gidanka da ɗan wurin ajiya a intanet sun ishe su. Amma ofishin da ya kai mutum biyar, wanda intanet ɗinsa ke zuwa yana tafiya, lalle zai ga amfaninta, muddin an ɗora wa mutum guda alhakinta da sunansa. A rubuta kalmomin sirri a takarda, a sa a ambulan, a ba maigida ya kulle, domin mai gyaran da ya haɗa ta yana iya barin gari. Ko wane wata kuma wannan mutum ya ɗauko faifan da ke gida, ya buɗe takarda ɗaya ko biyu a gaban maigida, a tabbata suna karantuwa.

Wassalam. Naka,
Akawu.