Firibayotik a madarar gwangwani: abin da iyayen Chaza ya kamata su sani

A shagunan magani da kantunan Suleja, gwangwanayen madarar jarirai da dama na ɗauke da alƙawarin gyara cikin yaro ta hanyar sinadarin firibayotik. Ga uwa a unguwar Chaza da ke sammakon zuwa aiki Abuja, wadda hutun haihuwarta ya ƙare kafin jaririnta ya cika wata shida, wannan alƙawari yana da daɗin ji.

Masana biyu, Gibson da Roberfroid, su ne suka ƙirƙiro kalmar a 1995. Ma'anarta abincin da hanjin mutum ba ya narkarwa, amma ƙwayoyin halitta masu amfani da ke cikinsa suke ci. Nonon uwa ya riga kamfanoni sanin wannan. Yana ɗauke da wani irin sukari mai nau'i fiye da 100, wanda shi ne na uku a yawa bayan sukarin madara da kitse. Jariri ba ya narkar da shi. Ƙwayoyin Bifidobacterium ne ke cinye shi, su yawaita, su hana masu haddasa gudawa wurin zama. Dakashi, wanda wasu gidaje har yanzu suke matsewa su zubar, ya fi sauran nonon yawan wannan sukari. Kamfanoni kuwa kaɗan daga cikin nau'o'in suka iya kwaikwaya.

Babbar matsalar tana wajen ruwa. Garin madara ba tsarkakakke ba ne daga ƙwayoyin cuta, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a dama shi da tafasasshen ruwan da zafinsa bai gaza digiri 70 ba. Gidan da ke sayen ruwa a hannun 'yan garuwa, yake kuma tsarma madara saboda tsada, babu sinadarin da zai cece shi.

Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 29 cikin 100 kacal na jarirai 'yan ƙasa da wata shida ake shayarwa da nono zalla. A 2019 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta ƙaddamar da gangamin hana ba su ruwa a waɗannan watanni, a shekarar kuma hukumar NAFDAC ta sabunta ƙa'idojin tallar abincin jarirai. Sai dai sa ido a kan ƙananan kantuna ya fi rubuta doka wuya.

Bayan wata shida, dafaffen wake da aka dandaƙa, ayaba da kunun gero suna ciyar da waɗannan ƙwayoyi a kan kuɗi kaɗan, nono kuma ya ci gaba har shekara biyu.